Yadda Ake Sayen Tsohuwar Tirelar Kwana a Amurka, a Gyara Ta Domin Fita da Iyali

Tirelar da ake magana a kanta a nan ba irin wadda muka sani tana dakon siminti ko buhunan masara ba ce. Ƙaramin ɗaki ne mai tayoyi, da gado da murhu da teburin cin abinci a cikinsa, wanda ake ɗaurawa a bayan mota a ja shi zuwa bakin tafki ko gindin dutse, iyali su yi kwana biyu ko uku su dawo gida. Al'adar ta daɗe a Amurka da Kanada, domin tun a 1919 masu irin wannan yawo suka kafa ƙungiyar Tin Can Tourists a garin Tampa na jihar Filorida, kuma har yau masu sha'awar tsofaffin tireloli suna taruwa da wannan suna. Mu muna zaune ne a jihar Ohayo da yara huɗu, kuma abin da ya kai ni ga sayen wata tirela ƙirar 1964 shi ne tsadar ɗakuna biyu a otal duk lokacin da muka fita, da kuma wahalar samun abincin da hankalinmu ya kwanta da shi a kan hanya. Gyaranta ya ci mini wata goma sha huɗu, kuma kusan duk ɓarnar da na tarar a jikinta ruwan sama ne ya yi ta. Saboda haka wanda zai shiga wannan aiki ya riƙe tsari guda: takardu, sai ƙarfen ƙasa da ɗakin ke zaune a kansa da tayoyi, sai toshe hanyar ruwa, sai gas da lantarki, kwalliya kuwa ita ce ta ƙarshe.

Fara da motar da za ta ja

Kafin ka duba tallar tirela ko ɗaya, buɗe littafin motarka ka ga nauyin da kamfani ya ce za ta iya ja, sannan ka buɗe ƙofar direba ka karanta takardar da ke manne a jikin ginshiƙin ƙofar, wadda ke faɗin nauyin mutane da kaya da motar za ta iya ɗauka. Lamba ta biyun ita ce mutane suka fi mantawa da ita. Tirela tana dafa wani ɓangare na nauyinta a bayan mota ta wurin dogon ƙarfen da ke gabanta, wanda ake kira harshe, kuma abin da ake so shi ne harshen ya ɗauki kashi 10 zuwa 15 cikin ɗari na nauyin tirelar gaba ɗaya. Idan tirela da kayanta sun kai laba 2,500, wato kusan kilo 1,130, to laba 250 zuwa 375 na kan motarka, a kan nauyinka da na uwargida da yara da akwatunan da ke but. Ka yi wannan lissafi a takarda, ka bar rara mai kauri, domin motar da ke ja a iyakar ƙarfinta tana shan wuya a hawa, birkinta kuma yana zafi a gangara.

Irin da ya dace da hannunka

Tsofaffin tireloli iri uku ne a taƙaice, kuma kowane iri da sana'ar da yake nema. Na farko su ne masu ƙashin katako da aka lulluɓe da fallen alminiyon, irin su Shasta, wadda aka fara ƙerawa a Kalifoniya a 1941 kuma aka san ta da ƙananan fukafukai biyu a bayanta, da Serro Scotty, wadda John Serro ya fara yi a Irwin ta jihar Fensilbeniya a 1957. Waɗannan sun fi araha, kuma duk mai ɗan sanin aikin kafinta zai iya da su, sai dai su ne ruwa ya fi ci. Na biyu su ne masu jikin alminiyon zalla da aka ɗinke da ribit kamar jikin jirgin sama, kuma mafi shahara a cikinsu ita ce Airstream ta kamfanin da Wally Byam ya kafa, wadda tun 1952 ake ƙera ta a Jackson Center a nan Ohayo. Jikinsu ba ya ruɓewa, amma daɓen da ke ƙarƙashinsu katako ne, kuma canza shi yakan kai ga ɗaga gangar jikin baki ɗaya daga kan ƙarfen, aikin da ke buƙatar fili da mataimaka da kuɗi. Na uku su ne masu jikin faiba da aka zuba a mazubi, kamar Boler da aka fara yi a Winnipeg ta Kanada a 1968 da Scamp ta jihar Minnesota. Ba su da nauyi, haɗe-haɗen da ruwa zai bi ba su da yawa, amma ƙanana ne, sun fi dacewa da mutum biyu da yaro ɗaya ko biyu.

Ga mai iyali da wannan ne karonsa na farko, shawarata ita ce mai katako, tsawon ƙafa 15 zuwa 18, mai aksil ɗaya, wato sandar ƙarfe ɗaya da ke riƙe da tayoyi. Ka sani cewa tsawon da ake rubutawa yawanci ya haɗa da harshen, don haka tirela mai ƙafa 16 ɗakinta bai wuce ƙafa 13 ba. Ka auna wannan tsawo a tsakar falonka da igiya, ka sa yara su kwanta a ciki, za ka fahimci abin da kake shirin saya.

Takardu kafin kuɗi

Ana samun irin waɗannan tireloli a shafukan talla na intanet irin su Facebook Marketplace da Craigslist da wurin taron masu sha'awarsu, kuma farashi yakan sauka a ƙarshen kaka, lokacin da masu su ke neman rabuwa da su kafin dusar ƙanƙara. Tambayarka ta farko a waya ita ce ko akwai takardar mallaka da sunan mai sayarwa a kanta. Dokar rajistar tirela ta bambanta daga jiha zuwa jiha, wasu jihohin ma ba sa ba ƙananan tireloli takardar mallaka, saboda haka ka kira ofishin rajistar motoci na jiharka ka faɗa musu shekarar tirelar da nauyinta da jihar da take, su gaya maka abin da za su karɓa. Lambar jikin abin hawa mai haruffa da alƙaluma 17 sai a 1981 ta zama ƙa'ida, don haka lambar tsohuwar tirela gajeruwa ce, kuma sau da yawa a jikin harshe aka buga ta, tsatsa da fenti sun rufe ta. Ka tafi da burushin ƙarfe ka goge wurin, ka tabbata lambar ta yi daidai da ta takarda, sannan ku rubuta shaidar ciniki mai ɗauke da lambar da farashi da kwanan wata da sa hannunku duka. Idan mai sayarwa ya ce takardar ta ɓace amma samun wata ba wuya, ka roƙe shi ya samo ta da kansa tukuna, tunda shi ya ce ba wuya.

Duba tirelar

Nan ne ake cin riba ko a tafka asara, don haka kada ka je da yamma, kada ka je kana sauri, kuma idan an yi ruwa jiya to ranar ta fi kowace dacewa. Ka ɗauki tocila mai haske, da tsinken ƙarfe ko siririyar sukurudireba, da tsani, da kwali da za ka kwanta a kai, da takunkumi da safar hannu.

Da ka buɗe ƙofa, tsaya ka shaƙi iskar ɗakin kafin ta fita. Warin funfuna yana nufin akwai danshi a cikin bango, zarnin fitsarin ɓera kuwa yana nufin sun yi sheƙa a cikin audugar da ke tare sanyi, wataƙila sun ci wayoyi ma. Daga nan ka taka daɓen taku-taku da dukkan nauyinka, musamman bakin ƙofa da gaban murhu da kusurwoyi huɗu, ka lura da inda ya lotsa. Ka ɗaga katifu da kujeru, ka buɗe kowane kabad, ka haska can cikin lungu inda bango ya haɗu da daɓe. Falankin cikin waɗannan tireloli siriri ne ƙwarai, kaurinsa kashi ɗaya cikin takwas na inci, kuma ba ya ɓoye sirri: inda ruwa ya bi za ka ga baƙin tabo, ko ka ga fatar falankin ta kumbura tana ɓarewa. Wuraren da suka fi yoyo su ne ƙarƙashin tagar gaba da ta baya, da kewayen tagar rufi, da layin da rufi ya haɗu da bango. Ka nemi izinin mai ita ka soka tsinkenka a waɗannan wurare. Katako mai lafiya zai ƙi tsinken, ruɓaɓɓe kuwa zai haɗiye shi kamar an soka shi a dafaffen rogo.

Ka yi hattara da tirelar da aka yi wa sabon farin fenti a ciki. Tamu haka take, fara sol, da sababbin labule, kuma mai ita ya tabbatar mini cewa ba ta taɓa yoyo ba. Na yarda da idona ban soka tsinke ba. Bayan mako biyu, da na kwance tagar baya, sai na sa hannu a katakon da ke ƙarƙashinta, ya marmashe a tafin hannuna kamar busasshiyar kuka, baƙi ƙirin, har da ƙananan tururuwa a ciki. Kitso aka yi da ƙwarƙwata. Ruɓar ta bi kusurwar hagu tun daga taga har ƙasa, kuma ita kaɗai ta ƙara mini aikin wata uku.

Bayan ciki, hau tsani ka duba rufin, amma kada ka taka shi, domin ba a yi shi don ɗaukar mutum ba. Idan ka ga an shafe shi da kwalta ko an bi haɗe-haɗen da silikon, alama ce ta yoyon da aka yi ta fama da shi shekara da shekaru. Ka kwance sukuru biyu ko uku daga ƙarfen da ke bin gefen rufi: idan sun fito da tsatsa, ko suna juyawa ba sa kamawa, katakon da ke bayansu ya mutu. Sannan ka kwanta a kan kwalinka ka shiga ƙarƙashi, ka bi ƙarfen da guduma kana ƙwanƙwasawa. Tsatsar sama ba komai ba ce, ana goge ta a yi fenti, amma ƙarfen da ke ɓarewa falle-falle, ko ya huje, ko ya tsage a inda harshe ya haɗu da gangar jiki, wannan aikin mai walda ne, kuma idan ya yi yawa to a bar cinikin ya fi.

Gaskiyar magana ita ce da wuya ka sami tirelar katako mai shekara hamsin ko sittin da ba ta da ruɓa ko kaɗan. Abin da kake nema shi ne ka san iyakarta, ka sa ta a cikin farashi. Abin da ya fi wuyar samu kuma shi ne ƙananan kayan asali: tagogi masu gilashi jere-jere da ake buɗewa da mariƙi, fitilun baya, hannun ƙofa, murhu, da tambarin kamfani. Katako yana nan a kowane shago, waɗannan kuwa sai an yi ta cigiya, saboda haka tirelar da kayanta suka cika ta fi wadda wani ya fara gyara ya fasa ya watsar da rabinsu. Ni dai ban ga wanda ya kashe ƙasa da kuɗin saye a wurin gyara ba, don haka idan abin da ke hannunka duka zai tafi a ciniki, ka ƙara haƙuri.

Kawo ta gida

Tirelar da ta yi shekaru a tsaye ba a ɗaura ta a hau babbar hanya haka nan. A gefen kowace taya akwai rubutu da ya fara da DOT, kuma alƙaluma huɗu na ƙarshe su ne mako da shekarar da aka yi ta, misali 2319 na nufin mako na 23 a 2019. Idan alƙaluma uku ne kawai, tayar ta girmi shekarar 2000. Tayar tirela tsufa ke kashe ta tun zanenta bai cinye ba, saboda haka wadda ta haura shekara shida a canza ta da irin da aka yi don tirela, mai alamar ST. Wasu tsofaffin suna da rim mai gida biyu da zobe, wanda kan iya fashewa lokacin ba da iska ya yi mummunan rauni, kuma yawancin masu gyaran taya ba sa taɓa shi. A maye gurbinsa da rim na zamani. A cire boris ɗin kowace ƙafa a wanke a sa sabon giris, a tabbata ƙwallon ƙarfen da ke bayan motarka, wanda ake maƙala tirelar a kansa, daidai yake da bakin harshen, domin girmansa uku ne, inci 1 7/8 da inci 2 da inci 2 5/16, kuma ƙaramin ƙwallo a babban baki yana iya suɓucewa a kan gargada. A sayi fitilun wucin gadi masu maganaɗisu a manna a baya, a ɗaure ƙofa da tagogi da igiya. Idan tafiyar ta yi nisa ko jikin ya yi laushi, a yi hayar mota mai shimfiɗaɗɗen baya ta ɗauko ta, domin iskar babbar hanya tana iya yaye fallen da ba shi da katakon kirki a bayansa.

Gyaran jiki

Da ta iso, a sa ta a ƙarƙashin rumfa ko a rufe ta da tamfol, a ɗora ƙarfen a kan matokarai huɗu ya daidaita, kada a dogara da jak shi kaɗai. Kafin ka kwance komai, ɗauki hoton kowane lungu, ka auna, ka rubuta, ka zuba sukurorin kowace taga a ledarsu da suna a jiki. Wajen shara, kada a share kashin ɓera a bushe, domin ƙurarsa na iya ɗauke da cuta. A jiƙa shi da ruwan bilic, kashi ɗaya cikin goma, a bar shi ya jiƙu, sannan a kwashe da safar hannu. Fentin da aka yi kafin 1978 yana iya ƙunsar dalma, tsofaffin tayil ɗin daɓe masu inci 9 kowane gefe kuma sau da yawa akwai asbestos a cikinsu, wani sinadari da ƙurarsa ke cutar da huhu. Kada a goge su da inji, a kai ɗan guntu a gwada, kuma a hana yara shiga har sai an gama wannan mataki.

Babban abin da sabon shiga ke kuskurewa shi ne ta inda ake buɗe bango. Tirelar katako daga ciki aka gina ta zuwa waje: an kafa kabad da falankin ciki, aka bi da ƙashin katako, aka sa audugar tare sanyi, sannan aka lulluɓe da alminiyon a ƙarshe. Don haka daga waje ake gyara ta. Wanda ya shiga ciki da guduma ya fasa kabad-kabad ya rushe abin da ke riƙe da bangon, domin a wannan gini kabad ɗin ma ginshiƙi ne. Hanyar ita ce a cire tagogi da ƙarfen gefen rufi, a zare ƙusoshin fallen a hankali, mutum biyu su sauke shi su shimfiɗa a wuri mai laushi don kada ya lanƙwashe, sai ƙashin ya bayyana. A yi gefe ɗaya a gama kafin a buɗe wani, a tokare rufin daga ciki, don kada siffar ta karkace.

A fara daga ƙasa. A goge tsatsar ƙarfe, mai walda ya gyara abin da ya tsage, a yi fenti, a duba sifirin da aksil. Idan aksil ɗin ya tsufa, sayen sabo mai birkin lantarki ya fi yi masa faci, kuma jihohi da yawa suna wajabta birki ga tirelar da ta kai laba 3,000, wasu ma ƙasa da haka. Ko doka ba ta tilasta maka ba, wanda zai ɗauki 'ya'yansa a mota ya sa birkin. Daga nan a yanke ruɓaɓɓen daɓe har zuwa inda katako ke da lafiya, a sa sabon falanki mai jure danshi, a shafe gefunansa da fenti mai hana ruwa, a ɗaure shi da ƙarfen da sababbin notuna. Sannan a bi bango, ana cire kowane ruɓaɓɓen katako ana yanka sabo a kan siffarsa, ana haɗawa da gam da sukuru. Kada a yi amfani da koren katakon nan da aka jiƙa da maganin ruɓa a inda zai taɓa alminiyon, domin tagullar da ke cikin maganin tana cin fallen. Tun bangon na buɗe a ja sababbin wayoyi, a sa sabon abin tare sanyi, domin wannan dama ba ta dawowa da sauƙi.

Mayar da falle da tagogi shi ne matakin da zai nuna ko aikin zai yi shekara biyu ko ashirin. A kankare tsohon danƙo sarai daga bakin kowace taga, a shimfiɗa sabon tef ɗin butil, wani danƙo mai kama da igiya da ba ya bushewa, a danna tagar a kansa, a ɗaure da sukurori marasa tsatsa daga tsakiya zuwa gefe har danƙon ya ɓullo ta ko'ina, sannan a yanke rarar da wuƙar roba. Haka za a yi wa ƙarfen gefen rufi da tagar rufi da fitilu da duk abin da ya huda fallen. Silikon ba shi da wuri a wannan aiki, domin yana sakin alminiyon bayan ɗan lokaci, ruwa ya bi ta ƙarƙashinsa, kuma inda ya taɓa babu abin da zai sake kamawa sai an sha wahalar goge shi. Idan an gama, mutum ɗaya ya shiga ciki da tocila, ɗaya ya riƙa zuba ruwa da tiyo daga ƙasa zuwa sama, taga bayan taga.

Gas, lantarki da ruwa

A nan ba na ba kowa shawarar tsimi. Gas ɗin girki ya fi iska nauyi, idan ya zuba ƙasa yake kwanciya, daidai inda yara ke barci. A canza rigileta da tiyo da duk bututun da ya lanƙwashe, a shafa ruwan sabulu a kowane mahaɗi a ga ko zai yi kumfa, sannan a kai wa ƙwararre ya gwada layin da ma'auni. Tun 2002 masu cika gas a Amurka ba sa cika ƙaramar tukunyar da ba ta da bawul mai hana cikawa fiye da kima, wanda ake gane shi da mariƙi mai kusurwa uku, don haka tsofaffin tukwanen a musanya su. Tsohon murhu yawanci yana gyaruwa, amma tsohuwar na'urar ɗumama ɗaki da fitilar gas gara a cire su ko a toshe layinsu. A kafa na'urar jin warin gas kusa da ƙasa, da na'urar hayaƙi, da ta iskar kabon monoksaid wadda ba ta da wari ko launi, da tukunyar kashe gobara a bakin ƙofa.

Lantarkin tirela kashi biyu ne: na batir mai bolt 12 domin fitilu da famfo, da mai bolt 120 da ake jonawa a sansani, inda soket mai amfiya 30 ya fi yawa. Tsofaffin wayoyi sau da yawa ba su da wayar ƙasa, kuma idan waya ta goge ta taɓa fallen, jikin tirelar duka yana iya ɗaukar wuta, yaron da ya taɓa ƙofa da jiƙaƙƙiyar ƙafa shi ne zai fara ji. A sa sabon akwatin fis, da soket mai yanke wuta da kansa idan ya ji ɗigon lantarki, a haɗa wayar ƙasa da ƙarfen tirelar, mai lasisin aikin lantarki ya duba. Bututun ruwa na tagulla galibi ƙanƙara ta fasa su tuntuni, a maye su da na roba irin PEX. Sabon tanki ya fi tsohon, kuma ana tsabtace shi da rubu'in kofi na bilic ga kowane galan 15, a bar shi wasu sa'o'i, a zubar a ɗauraye.

Ciki, gwargwadon bukatar gidanka

Sai yanzu kwalliya ta zo. Idan falankin asali ya tsira, a goge shi sama-sama a shafa masa shelak, wani man ƙyalli na katako mai launin zuma, wanda shi ne ke ba waɗannan ɗakuna hasken nan mai ɗumi. Teburin gaba yana sauka ya zama gado, kujerar baya ma haka, kuma a samanta akan sami ƙaramin gadon sama wanda sai an ƙara masa katanga kafin yaro ya hau. Uwargida ce ta tsara namu, ta ce, "Abban Yara, a bar tsakiyar nan fili, tsawon darduma ɗaya, ranar da ake ruwa a nan za a yi salla." Haka aka yi, na rage faɗin kabad ɗaya da inci huɗu. Ta kuma sa na yi wa buta da bokitin alwala ƙaramin gurbi a bakin ƙofa, tuƙin tuwo da suya kuwa a waje ake yinsu a ƙarƙashin rumfa, domin tururi da maiƙo suna dawo da danshin da aka sha wuya aka kora. Duk abin da za a ƙara a tuna da nauyinsa. Tayil na dutse da katako mai kauri ba na tirela ba ne.

Gwaji da fitar farko

A loda ta kamar za a yi tafiya, abubuwa masu nauyi a ƙasa, mafi yawansu gaba da aksil, a tuna kowace lita ta ruwa kilo ɗaya ce, sannan a kai ta ma'aunin manyan motoci irin na CAT Scale da ke tashoshin mai, a auna tirelar da nauyin harshe. Tirelar da bayanta ya fi nauyi ita ce ke lilo a kan hanya. Idan lilon ya fara, a ɗaga ƙafa daga totur, a riƙe sitiyari a miƙe, a danna birkin tirelar da hannu, kada a taka birkin mota da ƙarfi. Sarƙoƙi biyu na tsaro ana gitta su a ƙarƙashin harshe, wayar birkin gaggawa kuma, wadda ke kama birkin tirela idan ta suɓuce, a jikin mota ake ɗaure ta, kuma sai da batir mai caji take aiki. Babu wanda zai zauna a cikin tirela tana tafiya. A je filin ajiye motoci da ba kowa a koyi baya da baya: a sa hannu a ƙasan sitiyari, inda hannun ya nufa can bayan tirelar zai nufa. Bayan mil 50 na farko a tsaya a sake ɗaure notunan taya, a taɓa tsakiyar ƙafar a ji ko ta yi zafi.

Daren farko a ƙofar gida ake yinsa. Namu ya nuna mana cewa babu makunnin fitila kusa da gadon yara, kuma tagar gaba ba ta da ragar sauro, autarmu ta tashi da asuba tana cewa, "Baba, wani abu ya cije ni." Bayan an gyara waɗannan sai a nemi wuri kusa, kamar tafiyar awa ɗaya ko biyu, mu wurin shaƙatawa na Hocking Hills da ke nan Ohayo muka fara zuwa. Sansanonin gwamnatin tarayya ana kama wuri a cikinsu ta shafin intanet na Recreation.gov, da yawansu tun wata shida kafin ranar, jihohi kuma kowace da tsarinta. Wasu sansanonin 'yan kasuwa ba sa karɓar tirelar da ta haura shekara goma sai sun ga hotonta, don haka a kira a tambaya tun kafin a biya.

Idan sanyi ya gabato, a zubar da ruwan tanki da na bututu gaba ɗaya, a tura ruwan nan na hana daskarewa mai launin ruwan hoda da aka yi don tireloli, ban da na injin mota domin shi guba ne, a cire batir a kai cikin gida, a kwashe duk abinci, a toshe ramukan ƙasa da ragar ƙarfe saboda ɓeraye, a rufe ta da mayafin da iska ke ratsawa. Da dusar ƙanƙara ta narke, kafin a yi maganar tafiya, a hau tsani a bi kowane haɗi da ido da yatsa, a sake ɗaure sukurun da ya saki, a sa wa boris giris, sannan a ɗauko tsinken nan a soka a ƙarƙashin tagar baya.